Shekarar da Safiya Ta Kira Sunaye

Ku ukun nan kun girma da magana ɗaya a bakinku, wai babanku ne ya hana ni gama littafina, shi ya sa na yi ritaya ban kai farfesa ba. Da kunnena na ji Faruku yana faɗa wa matarsa haka a kicin ranar addu'ar arba'in ɗin marigayi, yana tsammanin ina sama. Ban tanka ba, don ranar ba ta gardama ba ce. Amma mutumin nan ya kwanta dama, ba shi da bakin kare kansa, ni ma kuma shekaru sun ja. Saboda haka zan rubuta muku abin da ya faru yadda ya faru, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba.

Kun san a Bejin na koyi Sinanci, lokacin da na bi babanku ina amarya ya je aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Abin da ba ku sani ba shi ne kaɗaici ne ya fitar da ni daga ɗaki. Wata maƙwabciyarmu ta gaji da ganina a taga, ta ja ni gidan wasa. Su Sinawa wasan kwaikwayonsu na da ba da magana zalla ake yi ba, da waƙa ake yi, fuska a shafe da launi, hannun riga har ƙasa, murya siririya kamar za ta tsinke, ga goge ga kuge suna bin ta. Ranar farko yatsu na sa na toshe kunnuwana. Kafin shekara ta zagayo ina zama a layin gaba ina share hawaye. Daga nan karatu ya kama ni, digiri ya bi digiri, har babanku ya sami aiki a wani gidan rediyon a Washington muka tare a garin Springfield da ke kusa, ni kuma wata jami'a ta ɗauke ni koyar da adabin Sin. A can ƙa'idar a fili take: wanda bai fitar da littafi na kansa ba, a inda yake zai tsufa.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda Safiya ta shiga aji ɗaya, kuma Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kano don a cire mata yanar ido. A bazarar wannan shekarar na gabatar da wata lacca a wani ɗakin karatu na unguwa. Da aka watse sai wata tsohuwa Basiniya, gajeriya, ta haura tamanin, ta kama gefen mayafina ta ce tana da abin da za ta nuna mini. Madam Shen zan kira ta. A garin Woodbridge take zaune gidan ɗanta, wanda yake fita tun da sassafe ya bar ta ita kaɗai da talabijin ɗin da ba ta jin yarensa. Mahaifinta shi ne shugaban 'yan wasan wani ƙauye a kudancin Sin, ƙasar koguna. Wasansu ba na masu rai ba ne. Sau ɗaya ake yin sa a shekara, a bakin kogi, saboda mutanen da ruwa ya ci da sauran mamatan garin. A kashi na ƙarshe babbar mawaƙiya takan fito a shigar mai tuƙa kwalekwale, ta kira mamatan da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowane suna sau uku, wai don su shiga jirgi su bar wa masu rai gari. Ba a rubuta sunayen, karin waƙar wannan kashin kuma mutum ɗaya ake koya wa a kowane zamani. Ta fito mini da wani akwatin kwali. A ciki akwai littafin wasan da rubutun hannun mahaifinta, da hoton tsofaffi shida da sunayensu a baya, da kaset huɗu da marigayi mijinta ya ɗauka ranar da waɗannan shidan, ragowar ƙungiyar, suka taru da tsufansu suka yi wasan karo na ƙarshe a wani tsakar gida. Kaset na huɗu yana yankewa daidai inda mai kwalekwale ta ja numfashi za ta fara kira.

"Mijina ne ya kashe rikodar," in ji ta. "Ba a ɗaukar wannan wurin. Ki rubuta duk abin da ke cikin akwatin, ɗana ba ya so, jikokina ba sa jin yaren. Abin da ba ya ciki kuwa, kada ki neme shi."

Na ce mata to. A raina ina ta lissafin babi-babi, don na san babu wani masani da ya taɓa jin wannan wasa.

Babanku ne ya fi ni murna. Shi mutumin rediyo ne, kunnensa ya san sauti, sai ya ɗauki aikin gyaran kaset ɗin a kansa. Duk Asabar yana ɗakin ƙasa da abin saurare a kunne, yana juyar da su cikin kwamfuta, yana tsince ƙarar iska da kukan kaji daga muryoyin tsofaffin. Ni kuma ina gefe ina fama da yaren ƙauyen, wanda ya bambanta da Sinancin da na koya kamar yadda Sakkwatanci mai kauri zai yi wa baƙon da ya koyi Hausa a aji. Haka muka cinye damina har ganye ya fara ja yana zuba.

Inna ce ta fara lura. Idonta ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan yana jiran nasa aikin, amma kunnenta ko faɗuwar allura ba ya wuce shi. Wata rana ina shirin fita ta tsayar da ni.

"Ke 'yar nan, wace ce take zuwa koya wa Safiya waƙa in ta dawo makaranta?"

"Babu kowa, Inna. Ta makaranta ce."

"Ta makaranta na san ta, tsalle ake yi mata. Wannan ba a yi mata tsalle."

Kashegari na soke aikin ofis na dawo da wuri. La'asar ce sakaliya, rana ta shigo ta tagar kicin ta kwanta a kan tebur. Safiya tana zaune da kayan makaranta tana shafa wa wani zanen doki launi, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ina bakin ƙofa da takalmi a ƙafata na ji ta. Baitocin ƙarshe na kaset na huɗu take rerawa, da yaren ƙauyen, da lanƙwasar muryar da ni kaina na kasa kwaikwayo, yarinyar da ko Hausa in aka yi mata sai ta amsa da Turanci. Ta zo inda kaset yake yankewa, ta ja numfashi irin na tsohuwar, sannan ta wuce. Karin da ya biyo baya ban taɓa jin sa ba a duk yawona na gidajen wasa. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, kamar mai lallashin wanda ba ya son tashi. Sai ta kira wani suna, ta ja shi, ta sake, ta sake. Hannunta bai daina shafa launi ba. Da ta gama na uku ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi, ta ce tana son madara da biskit. Na tambaye ta ina ta koyi waƙar nan. Ta dube ni da mamaki ta ce ita ba ta yi waƙa ba.

Na sauka ɗakin ƙasa na juya bayan hoton. Sunan yana nan, na uku daga hagu. Da maraice na buga wa Madam Shen waya, na ce don littafi nake son sanin wa ya riga wa rasuwa a cikin shidan. Ta jero mini su a tsanake. Wanda Safiya ta kira shi ne ya fara tafiya.

A nan ne nake so ku karanta da kyau. Uwa ta gari a ranar za ta tattara akwatin nan ta fitar da shi daga gidanta. Ni ƙaramar rikoda na saya. Na tura ta ƙarƙashin lemo da ayaba a kwandon da ke tsakiyar teburin kicin, ina kunna ta kafin bas ɗin makaranta ta iso. Ban gaya wa babanku ba, ban gaya wa Inna ba. Ba kullum Safiya take yi ba, sai ta yi kwana uku ko huɗu shiru, sannan wata la'asar ta ɗora daga inda ta tsaya, da sabon suna, a kan jerin da tsohuwar ta ba ni, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ni kuma ina kulle kaina a ofis ina rubuta karin, rabi tsoro rabi daɗi. Ina ganin yarinyar tana raguwa. Ta bar cin tuwon da Inna take tuƙa mata, tafin hannunta kullum sanyi ƙalau, malamarsu ta aiko da takarda cewa tana yawan tsayawa a taga ba ta jin kira. Na ce wa kaina sauyin yanayi ne. Wata Asabar da hantsi aka neme ta aka rasa, sai babanku ya same ta a bayan gida, a bakin ɗan rafin nan da ke bayan shinge, takalmanta cikin ruwa, tana kallon ƙetare. Ya tambaye ta me take yi. Ta ce jira take. Ya ce jiran wa? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Bayan kwana biyu Inna ta laluba kwando za ta ɗauki lemo, hannunta ya faɗa kan rikodar. Ta jira sai da babanku ya dawo aiki ya yi sallar la'asar, ta kora ku falo, ta ajiye abin a tsakiyar tebur. Dole na faɗi komai. Na kunna musu. Babanku ya saurara kansa a sunkuye, ya sa na maimaita, sannan ya yi magana a hankali kamar yadda yake yi a gaban makirufo.

"Bilki, ɓoyewar ce ba ki kyauta ba. Amma mu yi hankali da abin da za mu ɗora wa kanmu. Sau nawa na kunna kaset ɗin nan a fili ina gwada sauti? Sau nawa kika karanta sunayen nan da ƙarfi? Yaro yana kwashe abin da babba bai san ya zubar ba. Mu kai ta asibiti, a cire rikodar, ke kuma ki gama aikinki. Shekara goma sha biyar kina jiran irin wannan."

"Malam," in ji Inna, don haka take kiransa, "ni ban yi boko ba, tambaya ɗaya gare ni. Mutum nawa ne a hoton?"

Na ce shida.

"Ta kira nawa?"

"Biyar."

"To in ta gama da shidan, sai kuma wa?"

Daga falo muna jin ku kuna faɗa a kan abin canza tasha.

Kuna tsammanin a nan na tsaya. Ban tsaya ba. Na yi alkawarin cire rikodar, na cire ta daga kwando, na maƙala ta a ƙarƙashin teburin da salatif. Suna ɗaya ya rage, kuma na tabbata bayansa karin zai rufe, ni kuma ina son in ji yadda yake rufewa. Ranar Juma'a da la'asar ina tsaye a bakin murhu kamar mai aiki, Inna tana kan kujera da carbi, Safiya ta fara. Ta kira na shida sau uku. Na saki ajiyar zuciya, ina jiran ta nemi madara. Sai ta ajiye fensirin launin da ke hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sauko daga kujera, ta nufi ƙofar baya tana ci gaba da rerawa, ta kira wani suna na bakwai. Ba ya bayan hoton, ba ya cikin littafin, ɗan gajeren suna ne irin wanda ake kiran ƙananan yara da shi a gida. Ta kira sau ɗaya hannunta a kan mariƙin ƙofa. Ta kira na biyu ƙofar a buɗe. Ban san yadda Inna da rabin ido ta tsallaka kicin ɗin nan ba. Na dai gan ta a durƙushe ta rungume yarinyar ta baya, tafin hannunta a kan bakinta, tana tofa mata addu'a ba ƙaƙƙautawa. Jikin Safiya ya yi ta turjewa wajen ƙofa kamar ana jan ta da igiya, sannan ya saki, ta fashe da kuka irin na yara, tana cewa Kaka ta ji mata ciwo a leɓe. Inna ta ɗago ta dube ni da idon da ba bandeji. Tun ina ƙarama ba ta taɓa dukana ba, ranar ma ba ta taɓa ni ba, amma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da gari ya waye na tattara komai, akwatin, littattafan rubutuna, rikodar, na zauna na goge duk abin da babanku ya yi wata biyar yana gyarawa a kwamfuta. Yana tsaye a kaina.

"Bilki, ki bar ko kwafi ɗaya. Ni zan kai shi ofis in kulle, ba zai kwana a gidan nan ba. Wata rana za ki huce ki neme shi."

"Shi ya sa ba zan bari ba, Baban Faruku. Na san zan neme shi."

Sai ya sunkuya ya ɗauki akwatin da kansa ya kai mota. Na san abin da nake zubarwa. Shugaban sashenmu ya riga ya gaya wa kowa littafin yana hanya, kuma da na je masa hannu wofi bai sake dubana da idon mutunci ba. Ban sake samun abin da ya kama ƙafar wannan ba, ban ma sake neman sa da zuciya ɗaya ba. Shekara ashirin da wani abu na yi ina koya wa 'yan ajin farko yadda ake gaisuwa da ƙirga da Sinanci, ɗalibaina suna zuwa suna wuce ni. In mutanenmu sun tambaya a wajen suna ko walima, babanku yakan riga ni cewa hidimar gida ce ta yi yawa, don kada a tono zancen Safiya a riƙa nuna ta. Daga nan kuka tsinci abin da kuka tsinta.

Na kama babban titin 95 zuwa Woodbridge, motoci cunkus ko da yake Asabar ce, akwatin yana kujerar baya. Na sami Madam Shen ita kaɗai a falo, ta dafa shayi kamar ta san ina tafe. Na ajiye akwatin a gabanta na gaya mata komai, ban rage laifina ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni sunan na bakwai. Na kasa furta shi, sai na ɗauki biro na rubuta mata sautinsa a bayan wata ambulan. Ta kawo takardar kusa da idonta. Na ga fuskarta ta sake, duk tsufan ya kwanta, kamar ta hango wani nata daga nesa.

"Babana ne kawai yake kirana haka," ta ce. "Ko mijina bai san shi ba. Sau nawa ta kira?"

"Sau biyu. Mahaifiyata ta rufe mata baki."

"Mahaifiyarki ta kyauta. Amma ba a barin kira a biyu. Mai kwalekwale ba ta tashi sai ta cika. In ba a cika ba, za ta koma wajen wadda ta fara."

Na ce mata ni Musulma ce, a wurinmu mamaci ba ya dawowa, rai kuma ba ya fita don an ambaci suna. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda da ni ɗari bisa ɗari.

"To ai ba abin tsoro ke nan," ta ce. "Ki kira ni. Shekara saba'in ban ji shi a bakin kowa ba."

Ta kama hannuwana biyu. Nata ɗumi gare su, nawa ne suka yi sanyi. Na tuna takalman Safiya a cikin ruwa. Na yi bisimilla a zuciyata, na nemi gafarar Allah in akwai saɓo a ciki, na kira sunan, ba da waƙa ba, da muryata ta kullum. Ta amsa da ƙarfi, da 'yar siririyar murya, yadda yarinya take amsawa in an kira ta daga tsakar gida. Sannan ta saki hannuna ta zuba mana shayi, ta tambaye ni ko idon mahaifiyata yana samun sauƙi.

Da na koma gida na tarar Safiya ta cinye tuwo malmala biyu tana neman ƙari. Ba ta sake rera ko baiti ɗaya ba, kuma har yau ba ta tuna komai; karatun wannan shafin shi ne farkon jin ta, ina kuma roƙonta ta yafe mini. Malaman da na tambaya daga baya kowa da abin da ya ce, wani aljanu, wani ƙwaƙwalwar yaro, babanku kuma har ya koma ga Allah yana kan bakansa cewa ta bututun ɗumama ɗaki sautin ya riƙa hawowa. Ni ban san mene ne ba, kuma na bar neman sani.

Sati uku bayan zuwana Woodbridge ɗan Madam Shen ya bugo mini waya. Ya ce ya dawo aiki da yamma ya same ta a kujerar bakin ƙofa, ta sa rigar sanyinta ta fita unguwa, ta ɗaure takalmi, jakarta a cinya, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma shekarunta sun kai. Akwatin, ya ce, ta riga ta sa shi ya ƙone mata a bayan gida tun makon da na kai. Na yi masa ta'aziyya. Kafin ya ajiye na tambaye shi ko ya san sunan da ake kiran mahaifiyarsa da shi tana yarinya. Ya ce shi bai ma san tana da wani suna ba.